Lotiri: Yadda Ake Sauya wa Tuwo Suna

Ɗan'uwa, idan kana son yin caca ba tare da an kira ka ɗan caca ba, ga dabarun da suka fisshe mu, mu da muka daɗe muna asara cikin mutunci.

Da farko, kada ka kuskura ka fassara kalmar. Ce "lotiri", ka ɗan ja ta a hanci. Caca ta 'yan karta ce a gindin bishiya. Lotiri kuwa tana da shago da kwamfuta da rasit. Idan surukinka ya tsare ka da tambaya, gaya masa kalmar ta samo tushe ne daga "lot", wadda a bakin mutanen Holan take nufin rabo. Ka ga ke nan rabonka kake nema. Sai dai ka yi sauri ka sallame shi kafin ya tuna maka cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Na biyu, riƙe tarihi a aljihu. A 1569 aka fitar da sakamakon lotirin da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta shirya a Ingila don gyaran tashoshin jiragen ruwa, tikiti ɗaya sule goma. Saboda haka duk ranar da aka cinye ka, ka ce ayyukan raya ƙasa kake tallafawa. Ba dole ne ka faɗi ƙasar wa ba.

Na uku, ka guji malamin unguwa, domin ya san bambancin ƙuri'a da caca. Zai ce maka idan magada suka jefa ƙuri'a a kan wanda zai ɗauki gonar gabas, ba wanda ya zuba ko anini, kuma kowa zai tashi da kasonsa. Amma in ka sa kuɗi, dubu suka rasa don ɗaya ya kwashe, sunanta caca ko da ta ɗaura lakataye. Daga nan sai ya buɗo maka Suratul Ma'ida. In ka hango shi, canza layi.

Na huɗu, ka yi gaba da lissafi. A irin wadda ake zaro lamba 5 daga cikin 90, damar ka dace da duka biyar ɗin ɗaya ce cikin 43,949,268. Wato in kana yankar tikiti ɗaya kullum, za ka buƙaci shekara kamar 120,000 kafin ka zagaye su, in Allah ya ba da tsawon rai. Ko lamba biyun nan da ake cewa "tabbas", sau ɗaya take faɗowa cikin kusan 400. Wannan duk surutun 'yan boko ne. Kai dai ka dogara da mafarki, da lambar motar da ta watsa maka ruwan kwata, da abin da mahaukacin bakin tasha ya zana da gawayi. Kada ka tambayi dalilin da ya sa shi bai buga ba.

Na biyar, akwai ta masu son ƙetare: lotirin bizar Amurka, wadda dokar 1990 ta ware wa gurabe har 55,000 a shekara. Tun 2013 aka cire haifaffun Najeriya daga ciki, don sun riga sun yi yawa a can. Duk da haka, in wani mai shagon intanet ya ce zai cika maka fom ka biya shi, biya kawai. Ai an ci lotirin. Shi ne ya ci.

Na ƙarshe, in ka matsa lallai sai ka ga an miƙo maka dunƙulallen kuɗi, je wurin uwargida ka ce ta sa ka a adashensu. A can ma zubi ake yi, a jira, wani lokaci har da ƙuri'ar wanda zai fara kwasa. Aibinsa ɗaya ne: kowa sai ya ɗauka, babu faɗuwar gaba, babu yage tikiti a bakin kwata. In abin ya yi maka lami, roƙi uwar adashe ta riƙa kiransa lotiri.