Tsuntsu Ba Ya Jiran Mai Hoto

Mu nan unguwar, kusan duk mai riƙe kyamara a gidan biki ya koya. Amarya ka ce ta tsaya, ta tsaya, ka ce ta ɗan karkata, ta karkata. Shi ya sa kyamarorinmu ke kwana a kan One Shot in Canon ce, ko AF-S in Nikon ce ko Sony: ta kama fuska sau ɗaya, ta kulle. Da wannan saitin muke saɓa jaka da hunturu mu nufi fadamar Haɗeja da Nguru, lokacin da tsuntsayen Turai suka sauka a Dagona, mu dawo muna cewa gilashin kyamara ne ya tsufa.

Gilashi ba shi da laifi, jama'a. Kafin ka ƙarasa dannawa, zalɓen da kake hari ya bar inda kyamara ta kulle. A mayar da ita AI Servo ko AF-C, ta riƙa bin sa muddin yatsa na kan maɓalli. Wasunmu sun ɗora wannan aiki a kan AF-ON na baya, babban yatsa na bi, manuni na ɗauka. Ranar farko hannu zai rikice, daga baya ba ka son komawa. In tsuntsu na sama, saurin ɗauka ya kai 1/2000.

Inda gardama ke kaurewa a majalisa shi ne ɗigon da ake ɗora wa tsuntsun. Manyanmu ɗigo ɗaya suka sani. Samari masu sababbin kyamarori, irin Canon R5 da ta fito a 2020, cewa suke a bar inji ya nemo ido da kansa. Ni dai ina ganin wuri ne ke yanke hukunci. Shirwa a sarari, buɗe mata faffaɗan yanki. Amma kirinjijiya a cikin kachala, ganye gaba ganye baya, kyamara ganyen za ta kama, ka samu ciyawa tangararas, tsuntsu dishi-dishi. Nan sai ɗigo ɗaya, a kan ido. Haka in hazo ya yi kauri, za ka ji gilashi na kai da komo yana lalube, sai ka matso kusa a hankali.

Don Allah, kafin mu ƙona kuɗin mota zuwa Yobe, kowa ya fara gwada hannunsa a kan tattabarun gidansu.