Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Kanel ɗin Linux



Wannan takarda ta shafi yawan ƙorafin da Mai Girma ke zubawa a kundin rahotonsa duk lokacin da hanyar sadarwa ta cushe.

Tun da Linus Torvalds ya fito da Mai Girma a 1991 a matsayin zuciyar tsarin Linux, ba a san shi da ƙyuya ba. Abin da ya dame shi yakan rubuta a wani ƙaramin ma'aji da ake karantawa da umarnin dmesg. Ma'ajin ba ya ƙaruwa, sabon layi ne ke shafe tsoho. Don haka idan Mai Girma ya kama kuka ɗaya yana nanatawa, labarin faifan da ke gab da lalacewa sai ya ɓace a cikin hayaniya.

Kukan da ya fi yawa a kwamfutocin da ke tsaron ƙofar intanet shi ne "nf_conntrack: table full, dropping packet". Asalinsa rajista ce. Mai Girma yana rubuta kowace haɗuwa da ta ratsa ta wajensa, kamar mai masaukin da ba ya barin baƙo ya shiga sai an sa sunansa a littafi. Littafin kuma yana da iyaka, wato nf_conntrack_max. Da ya cika, sai a fara korar sababbin baƙi. Abin mamaki, haɗuwar TCP da ta kafu, ko da mai ita ya ɓace ba sallama, Mai Girma yakan riƙe sunanta daƙiƙa 432000, kwana biyar cur. Wannan kara ta yi yawa.

Mai bincike yakan fara da gwada nf_conntrack_count, wato yawan sunayen da ke cikin littafin, da waccan iyaka. Idan cunkoson na halak ne, a ɗaga iyakar da umarnin sysctl gwargwadon ƙwaƙwalwar na'ura, a rage wa'adin kwana biyar ɗin, ko a keɓe wasu saƙonni daga rajista da dokar NOTRACK. Idan kuwa wata na'ura ce mai ɗauke da cuta take buɗe dubban haɗuwa, ɗaga iyaka jinkirta matsala ne kawai. Sai an nemo ta an cire.

An yaba da ƙoƙarin da Mai Girma yake yi na kame bakinsa: saƙo 10 cikin daƙiƙa 5, sauran ya ce "callbacks suppressed". Roƙon da ake yi ɗaya ne, idan zai yi kukan, ya riƙa faɗin wanda ya cika littafin.

Wassalam,
Masu gadin na'ura