Yadda Za Ka Yi Dogon Turanci a Malanville Ba Ka Karya Haƙori Ba

Ɗan'uwa mai shago a kasuwar Malanville, na ga ƙamus ɗin da ka sayo, mai kauri kamar bulo, ka ɗora shi kan buhun shinkafa kana jiran ranar da za ka gigita baƙinka na Kamba da Ingilishi. Madalla. Amma kafin ka kama hadda daga shafin farko, jawo benci ka zauna. In dai ka yi lakwal ka koyi Faransanci, manyan kalmomin nan da kake tsoro sun daɗe a aljihunka.

Zancen tsoho ne. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu shekaru aru-aru. Talaka ya riƙe gajerun kalmominsa, na sarauta da shari'a da ciniki kuwa suka shigo daga Faransa. Shi ya sa information da transaction da nation rubutunsu ɗaya a harsunan biyu. Aikin baki ne kawai ya rage maka. Inda malamin lakwal ya koya maka fitar da "siyon" ta hanci, kai ka ce "shan", kamar mai kiran abokai shan shayi. Gwada da sanction. Wannan ba sai an fassara wa ɗan Malanville ba: tun da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka toshe gadar Gaya, manyan motoci suka yi layi, kaya suka koma kwale-kwale, kowa ya san ma'anar takunkumi a tukunyar gidansa.

To, a nan ake zamewa. Wasu kalmomin kamar tagwaye suke, fuska ɗaya, hali daban. Mouton ɗinka rago ne mai ƙaho da numfashi. Mutton na Ingilishi nama ne, an riga an feɗe. Ka shiga Kebbi neman ragon layya da wannan kalma, ɗan boko zai kama hannunka da ladabi ya kai ka gaban mahauci. Location a nan haya ce, a can wuri ne. Wadda na fi ji maka tsoro ita ce demand. Da Faransanci roƙo kake, hula a hannu. Da Ingilishi ka zama mai bin bashi da ya dafe ƙofa. Kada ka kuskura ka jefa ta gaban jami'in da muke kira duwan, mutanen Kebbi kuma suke kira kwastan, alhali buhunan albasarka suna cikin rana.

Saboda haka kowace kalma ka ɗauka, ka juya ta kamar yadda kake juya takardar jaka goma a haske kafin ka ba da canji. Uku a rana sun isa. Rubuta su a bayan littafin bashi, shi ne littafin da ba ka mantawa da buɗewa, kowace da ma'anarta da Hausa ko Dendi, da jimla guda wadda ta shafi shagonka. Da dare ka kunna rediyo tashar Ingilishi ka ji yadda masu abin ke furta su.

Kada kuma son manya ya sa ka raina ƙanana. Buy da sell da cheap ba ka gaje su daga lakwal ba, kuma da su ake cin abinci. Idan baƙo ya taya buhu da arha, ka gyara tsayuwa ka ce masa negotiation, "shan" ɗin ya fita tas. In ya yi murmushi ya ƙara farashi, alhamdu lillahi. In ya tsaya yana kallonka, ka ce masa albarka, ka miƙa masa benci.