Minti Uku da Ganyen Bature

Akwai wata cuta da ke kama mutumin Arewa idan ya ɗan kwana biyu a Turai, ba ta jin allura, ba ta jin rubutun sha: cutar duba agogo a gaban jama'a. Ni tawa ta yi tsanani. Karatu ya kai ni wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin Landan, inda layin dogo ke ratsa daji da tuddai kafin ya faɗa birni, kuma kowace safiya jirgin bakwai da minti arba'in da biyu nake hawa. Jadawalin layin na karɓo shi a tasha cikin watan Mayu, 'yar takarda mai ninki, na manna a ƙofar firji, na haddace shi kaf, na ranakun aiki da na Asabar da na Lahadi. Daga nan na naɗa wa kaina sarautar lokaci ba tare da kowa ya busa algaita ba.

Duk wanda ya kira ni daga gida sai ya sha wa'azi. Na ce wa ƙanena a nan in an ce da arba'in da biyu, to ba da arba'in da uku ake nufi ba. Na ce wa abokai abin da ya hana mu ci gaba ke nan, mutum ya ce maka "ga ni nan a hanya" alhali ko takalmi bai nemo ba. Har Kawu, ƙanen mahaifina, wanda ya tsufa yana safarar dabbobi daga kasuwar Maigatari zuwa Kudu, sai da na zaunar da shi a waya na karantar da shi darajar minti ɗaya. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, Allah ya ƙara ilimi." Na ce amin da ƙarfi.

Maiɗakina ta sha ce mini in sauke manhajar jiragen a waya kamar kowa. Na ce wannan ta masu raunin hadda ce.

Wata Litinin cikin Oktoba na fita a lokacina, na yi tafiyata ta ƙasaita, na hau dandamali bakwai da arba'in daidai kamar yadda na saba, da rarar minti biyu na gyara wuyan kwat. Abin da na tarar shi ne jajayen fitilun bayan jirgi suna shan kwana. Na dubi agogo, na dubi layi, na sake duban agogo. Na ce ba komai, na bakwai da hamsin da bakwai na nan tafe. Ya kuwa taho, da fitilarsa da fasinjojinsa, ya wuce ta gabana bai ko rage gudu ba. Kuma, Allah ya yafe mini, na ɗaga masa hannu. Sai bayan takwas na sami wani. Layin da na sani da jirgi duk rubu'in sa'a ya koma duk rabin sa'a, ban ji ko a maƙwabta ba.

Washegari haka. Jibi ma haka.

Mai hankali zai yi tambaya. Ni bincike na buɗe. Wanda na fara tuhuma agogon hannuna ne, na kai shi wurin mai gyara, ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, na ce duk da haka a sauya batir, na biya. Waya ta goyi bayan agogo, sai na tuna ita ma daga gida na zo da ita, ba mamaki ta ɗauko halinmu. Na jira ƙarfe shida na yamma, na kunna rediyo, na gwada su duka biyun da bugun ƙararrawar agogon Big Ben. Ko daƙiƙa ba su saɓa ba. To, tunda agogo ya kuɓuta, waya ta kuɓuta, ni kuma ba a ma sa ni cikin waɗanda ake zargi ba, saura direba. Na yanke hukuncin cewa an kawo wani sabon yaro mai rawar kai da ke gaggawar zuwa shan shayi.

A daren na zauna na rubuta wasiƙar ƙorafi da Turancin da ko a jarrabawa ban taɓa fitar da irinsa ba. Na tuna musu cewa ƙasar nan ce ta buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825. Na tuna musu cewa kamfanonin jirgin ƙasa ne suka fara ɗora garuruwan Birtaniya kan agogo ɗaya, na Greenwich, tun wajejen 1847, shekaru da dama kafin majalisa ta mai da shi doka a 1880. Na ce abin kunya ne jikokin waɗannan mutane su kasa jiran minti biyu. Na karanta wa maiɗakina, ta ce, "Malam, da dai ka fara tambaya a tashar." Na ce mata wasiƙar ita ce tambayar.

Wata dattijuwa ce a tagar sayar da tikiti. Ta sa tabarau, ta karanta shafin farko da ladabi, ta ninke, sannan ta fito daga ofis ta ce in biyo ta. Na bi ta ina jin yau za a kai ni gaban manya. Ta tsaya gaban wani babban allo mai hoton ganyaye ja da ruwan ɗorawa, a daidai inda nake jingina kowace safiya ina huci. Tun da aka manna shi nake ganinsa, na ɗauka tallar ganyen shayi ce. Da manyan baƙaƙe an rubuta cewa daga farkon Oktoba zuwa Disamba jiragen safe za su riƙa tashi minti uku kafin lokacinsu, wasu kuma ba za su tsaya a ƙananan tashoshi ba.

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce, "Ganye, yallaɓai."

"Ganyen me?"

"Na bishiya."

Na yi dariya don in nuna mata na san ba'ar Ingilishi. Ita ba ta yi ba.

Ashe maganar gaskiya ce, kuma ba ƙarama ba. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, layi ƙarfe ne, kuma inda suke taɓa juna bai wuce faɗin tsabar kuɗi ɗaya ba. A wannan ɗan wuri jirgi ke samun abin da zai dafa ya ja taragai, a nan kuma yake samun abin da zai riƙe in ya taka birki. Idan kaka ta shigo, miliyoyin bishiyoyin da ke gefen layi sukan zubar da ganyensu cikin 'yan makonni, yayyafi ya jiƙa shi, iskar jirgi ta jawo shi kan ƙarfen, nauyin jirgi ya niƙe shi. Abin da ke saura wani baƙin shafe ne da ya manne wa ƙarfe, in ya sha raɓa yauƙinsa sai ka ce miyar kuɓewa ta zube a kan tayil. Direba ya taka birki, ƙafafu su tsaya, jirgi ya ci gaba da tafiya. Ranar 8 ga Nuwamba, 2010, wani jirgi da ya taso daga Landan zuwa Hastings ya nemi tsayawa a tashar Stonegate, ya zarce ta da kusan kilomita huɗu yana sulɓi. Ranar 31 ga Oktoba, 2021, jirage biyu na fasinja suka yi karo a bakin wani rami kusa da Salisbury bayan ɗaya ya kasa tsayawa a danja. Ba a rasa rai ba, amma direban wanda ya kasa tsayawar ya ji mummunan rauni. Akwai ma wata rigimar: na'urorin danja da yawa suna gane inda jirgi yake ne ta wutar lantarki da ke bi ta ƙafafunsa daga wannan ƙarfe zuwa wancan, shafen ganye kuwa yakan shiga tsakani, jirgi guda ya ɓace daga allon masu lura na ɗan lokaci.

Shi ya sa ake umartar direbobi su fara birki tun daga nesa, su kuma tashi a hankali. Kowace tsayawa ta ci ƙarin daƙiƙu, kowane jirgi ya daɗe a yankinsa na layi kafin na baya ya sami izinin shiga. Sa'a kuwa ba ta ƙaruwa. Dole ko dai a tashi da wuri don a isa Landan kan lokaci, ko a tsallake wasu tashoshi, ko a cire wasu jirage gaba ɗaya. A layinmu duka ukun aka haɗa, kuma duka ukun a kaina suka sauka. Da daddare kuma Network Rail, mai kula da layukan, takan fitar da wasu jirage na musamman da ba sa ɗaukar kowa, aikinsu wanke ƙarfe da feshin ruwa mai tsananin ƙarfi da shafa wani kwaɓin yashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matsalar ta ƙaru ne da ci gaba. Zamanin jirgin gawayi ana sare duk abin da ya tsiro a gefen layi don gudun gobara daga tartsatsi. Da aka daina amfani da shi a 1968 aka bar daji ya huta, shi kuma ya dawo da 'ya'ya da jikoki.

Na koma gida da wasiƙata a aljihu na kwashe duk wannan ilimi na juye wa maiɗakina, ina fatan yawan bayani zai binne asalin maganar. Ta bar ni na gama, ta nuna ƙofar firji. Kusa da jadawalin jirgina akwai na lokutan salla da nake karɓowa daga masallaci. Ta ce, "Malam, wannan kowane wata kai da kanka kake cire tsoho ka manna sabo. Ka san Magariba ta bazara tana wuce tara na dare, ta Disamba ko huɗu ba ta kaiwa. Me ya sa ka ɗauka na jirgin ne kaɗai aka saukar daga sama?"

Na ce mata ruwan shayin ya tafasa.

Da a nan abin ya tsaya da na ce an yi mini rahama. Amma cikin Disamba Kawu ya zo Landan a yi masa aikin ido, ya sauka wurinmu, kuma ranar Lahadi ta biyu a cikin watan aka gayyace mu suna gidan wani ɗan garinmu a kudancin birnin. Na ga dama ta samu in gyara sunana. Na fito da shi da wuri, babbar riga har ƙasa, kwat ɗina a kai, hula zanna, ina yi masa bayani a hanya cewa baƙo ne kawai zai zo a lokacin da ke rubuce, ɗan gari ya san a cire minti uku saboda ganye.

Abin da ɗan gari ya sani, ni ban sani ba, shi ne a daren jiyan nan aka kwashe jadawalin ƙasar duka aka shimfiɗa sabo. Sau biyu ake yi a shekara, galibi Mayu da Disamba, kuma na Disamba rana ɗaya ake yin sa da sauran ƙasashen Turai, tsakar daren Asabar ta biyu. Ba wasa ba ne ko ga su masu abin: wanda aka yi ranar 20 ga Mayu, 2018 ya rikita layukan Landan da na arewacin Ingila har aka yi makonni ana soke ɗaruruwan jirage a kullum, don ba a gama horar da direbobi kan sababbin hanyoyi ba. Na bana lafiya ya tafi wa kowa. Lissafin ganye ya ƙare, jirgin safiyar Lahadi ya koma ɗaya a sa'a, kuma an matso da shi gaba. Muna shiga tasha allon lantarki ya sanar da mu cewa na gaba sai bayan minti hamsin da ɗoriya.

Kawu ya zauna a benci, ya tura hannuwa cikin hammata, haƙoransa suna tasbihi. Can ya ce, "Ɗan nan, wannan shi ne wanda in an ce da arba'in da biyu?"

Na ce, "Kawu, ai yau Lahadi."

"To. A nan ma akwai ranar da ba ta cikin lissafi ke nan."

Don in kawar da zancen na shiga ba shi labarin cewa kowane yanayi da tasa fitinar: a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a karon farko a tarihin ƙasar, aka rufe wasu manyan layuka don kada ƙarfe ya lanƙwashe, har farin fenti suke shafa masa ya rage ɗaukar rana. Kawu ya ce arba'in ai a Maigatari cikin Afrilu ita ce ranar da ake cewa yau an sami sauƙi. Amma hankalinsa ba ya wurina. Idanunsa, wanda aka yi wa aiki da wanda ba a yi wa ba, suna kan gangaren da ke ƙetaren layi, inda ganye ya taru tuli-tuli har gindin shinge.

"Wannan duk na waye?"

"Ba na kowa ba ne, Kawu."

"Ba wanda ke kwasa?"

"Shi ne ai suke kashe kuɗi suna wankewa."

Ya yi salati a hankali. Mutumin da ya san nawa ake sayar da buhun harawa a watan Mayu, yau ga shi zaune gaban dukiya tana ruɓewa. Ya ce, "Su ƙera jirgi sukutum don ya wanke hanya, amma ba wanda ya yi tunanin akuya?" Na ce akwai shinge, akwai wutar lantarki, kuma duk wanda ya taka layi tararsa na iya kaiwa fam 1,000. Ya ce tarar ta mutum ce ko ta akuya? Ya tambayi tsawon layukan ƙasar, na ce kimanin mil 20,000. Ya rufe ido yana motsa leɓe, na gane raba awaki yake yi mil-mil.

Sunan dai mun tarar ana wanke kwanuka.

Tun da ya koma gida ba majalisar da bai ba wa labarin ba, cewa ya je ƙasar da ganye ke tsayar da jirgin ƙasa, kuma duk wanda ya musa sai ya buga mini waya ya sa a lasifika in yi shaida. Ƙanena kan jira a gama ya tambaye ni ko yau an cire minti ukun. Makon jiya Kawu ya sake kira, ba don shaida ba. Ya ce ya yi magana da mutanensa, jajayen awaki na Sakkwato za su fi jure tafiya, abin da ya rage a rubuta wa hukumar jirgin a nemi kwangila kafin kaka mai zuwa. Na ce Kawu irin wannan takarda sai lauya.

Ya ce, "Wane lauya? Matarka ta ce ka iya rubuta musu wasiƙa."