Jidda Kusa, Sakkwato Nesa

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato zuwa Jidda, kusan kilomita 3,700 ne, kuma jirgin alhazai kan cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Kafin ka gama kokawa da shinkafar da aka miƙo maka a leda, an haye Bahar Maliya.

To amma wa ya kai ka filin jirgin?

Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato bai cika kilomita 200 ba. Sai dai wannan lissafin taswira ne, ita kuwa taswira ba ta taɓa zama a tasha tana jiran mota ta cika ba. Ba ta san shingen bincike ba, ba ta san fashewar taya kafin Goronyo ba, balle direban da zai tsaya gaida surukarsa. Mutumin Isa ma sai ya fara tambayar lafiyar hanya kafin ya tambayi kuɗin mota. In an isa, ga zaman sansanin alhazai: yau jirgi, gobe jirgi, har guzurin kilishi ya ƙare a Sakkwato.

Mu Gobirawa mukan ce kakanninmu daga gabas suka taso, suka yada zango a Azbin, suka ɗauki ƙarnuka kafin su iso nan. Da kawuna ya dawo aikin hajji na tambaye shi, "Kawu, ina ya fi nisa?"

Ya ce, "Ɗana, Makka ai nan ce bayan gari. Kai dai Allah Ya kai ka Sakkwato."