Yadda za ka haɗa sabuwar waya da Wi-Fi ba tare da an yi faɗa a gida ba

Allah ya sanya alheri, ka yi sabuwar waya. Kafin ka ɓare ledarta, aika a kira yaron da ya saita Wi-Fi ɗin gidan. Kowane gida da irinsa: ba ya gaisuwa sai an tuna masa, amma shi kaɗai ya san kalmar sirri. In yana makarantar kwana, aiki ya dawo kanka.

Kifar da rautar, wato akwatin Wi-Fi ɗin. A ƙasanta akwai 'yar takarda mai ɗauke da sunan Wi-Fi da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, cikin rubutun da sai ka ce don tururuwa aka buga shi. Ɗauko tabarau. Kalmar ba ta gaza harafi 8, kuma babban baƙi daban, ƙarami daban. Sifiri zai yi maka shigar O, lamba 1 ta yi shigar ƙaramin l. Wayar kuwa ba za ta nuna maka inda ka kauce ba, cewa kawai za ta yi ba daidai ba ne.

Idan ka ga sunaye biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, kada ka fara taƙama. Zangon 5GHz ne: akwai gudu, amma bango biyu na siminti sun isa su karya masa gwiwa. Na 2.4GHz ba ya sauri haka, sai dai ya fi kaiwa nesa, har ɗakin Hajiya. Ƙananan kyamarori da ƙwayayen fitila na zamani da yawa ma shi kaɗai suka sani, ko za ka kwana kana lallashi.

Akwai wani ɗan rami a bayan rautar. Shaiɗan zai raya maka ka zura tsinke. Yi ta'awwuzi. Daƙiƙa goma da dannawa, komai ya koma yadda ya fito daga kwali, talabijin da wayoyin gidan duk sun yanke, kuma kowa ya san wanda ya taɓa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi uwargida, da ladabi, ta nuna maka lambar QR daga wayarta. Android na yin haka tun 2019. Ka haska, ka shiga.

To, ka shiga. Yanzu wayar za ta hau sabunta manhajojinta ba sallama, datar wata guda ta soma zurarewa. Kafin ka zargi kamfani, buɗe adireshin da ke kan takardar nan, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka duba jerin waɗanda ke kan layin. Ku shida ne a gidan, na'urori goma sha ɗaya. Sauya kalmar sirrin bayan la'asar, ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Maƙwabcin da ya fara zuwa tambayar lafiyar iyali, shi ne.