Igiya Ɗaya, Mutum Goma

Masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a tsaunukan Yokshaya, arewacin Ingila, sukan ce rami ne ke nuna jarumi. Ban yarda ba. Ramin da ake sauka a tsaye, irin Gaping Gill na gefen dutsen Ingleborough mai zurfin kusan mita 100, abin da yake tonawa shi ne yadda mutum ke cin lokacin 'yan'uwansa. Igiya ɗaya ce, mutum ɗaya take ɗauka, sauran 'yan ƙungiya kuwa suna tsugune kan jiƙaƙƙen dutse, feshin ruwa na dukansu, haƙora na kaɗawa. Duk mintin da wani ya ɓata, a jikin wasu ya yanko shi.

Bisa wannan ma'auni, laifin Sarkin Kaya kaɗan ne: ya saye duk ƙarfen da kamfanin Petzl ya ƙera, yana tafe yana ƙara kamar jakin mai tallan kwanuka, amma shi kaɗai nauyin ke ci. Dattijon ƙungiya, mai labarin yadda Bafaranshe Martel ya fara taka ƙasan Gaping Gill da tsanin igiya a 1895, sai ka ce shi ya riƙe masa fitila, aƙalla yana ɗebe kewa. Mai ɗaurin igiya da ke kwance ƙulli sau uku kuwa an yafe masa, tunda ran kowa a ƙullin nan yake rataye.

Mai Hoto ne gwanin cin lokaci, kuma da ladabi yake ci. Sai mutum ya kai tsakiyar rami, yana lilo, ɗamarar ta fara yanka masa cinya, sannan murya ta taso daga duhu: "Don Allah tsaya nan, kada ka motsa!" Ya tura ɗaya bayan dutse da fitila, ya tsayar da wani cikin ruwa har gwiwa, ya ce kowa ya daina numfashi domin tururin baki na ɓata masa hoto. Ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai. "Saura ɗaya." Ɗayan nan ba ta da ƙarshe, kamar "gobe" a bakin tela. Za a ce ai ba don shi ba, wa zai yarda an je? Gaskiya ne, kuma ranar da hoton ya fito, waɗanda suka fi tsine masa su ne farkon masu roƙo a turo musu. Sai dai wanda ya sha rataya ɗigo ne kawai a hoton, ko uwarsa ba za ta gane shi ba.

Za a kuma ce gaggawa a kan igiya ita ce halaka, don haka jinkiri ba laifi ba ne. Na amince, amma wannan uzurin bai rufe mutum guda ba: wanda ya hau sama, ya zare ƙarafansa, ya manta da kiran da ke shaida wa na ƙasa cewa igiya ta samu, ya wuce mota neman shayi. Wannan ba abin dariya ba ne. Na ƙasa ba ya ganinsa, ba ya taɓa igiyar sai ya ji kira, sanyi kuwa kwantar da mutum yake yi a rami. 'Yan sa-kai masu ceto a ƙauyen Clapham, da ke wannan aiki tun 1935, ba don shayin wani ya kamata a tashe su da tsakar dare ba.

Saura mu, masu tsugunawa muna lissafin laifin kowa don mu rubuta daga baya. Mukan kai wurin sauya igiya a tsakiyar rami, madaurai su sarƙe mana, mu shafe minti ashirin muna kwancewa, muna ce wa na sama dutsen muke nazari.